Sahu Na Bakwai A Tsohon Bankin Kakuri

Talata: Funtuwa zuwa Kawo

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na fito, bayan na idar da sallah na leƙa ɗakin Baba. Idonsa biyu. Tun da ciwo ya kwantar da shi ba ya samun barcin asuba, sai da rana yake ramawa. Na durƙusa na ce masa zan kama hanya. Ya laluba ya riƙo hannuna, ya ce, "Ladi, kada ki gyara maganar. Yadda na gaya miki, haka za ki gaya masa." Na ce to.

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da mace mai jikoki, wadda ta ajiye aikin koyarwa don ta huta, zuwa kudancin garin Kaduna a tsakiyar damina. Mahaifina Malam Sani birkila ne. Yana matashi ya yi aiki a ginin wani banki a Kakuri, a ƙarƙashin wani da ya girme shi a sana'a, sunansa Bitrus. A wurin birkiloli, wanda ya ja igiyar da za a bi a jera bulo shi ne mai sahun, ko kyau ko muni nasa ne. Wata safiya Bitrus ya ja igiya aka kira shi ɓangaren ɗakin ajiyar kuɗi, ya bar Baba shi kaɗai. Baba ya jera sahu guda na bulon ado a kife, daga wannan kusurwa har waccan. Kafin a lura siminti ya kama. Da shugaban aiki ya tambayi wanda ya yi, Bitrus ya ce igiyarsa ce. Aka sallame shi a ranar. Baba yana tsaye, bai ce uffan ba.

Shekara hamsin da 'yan kai bai gaya wa kowa ba, har mahaifiyarmu ta rasu ba ta sani ba. Sai mako guda kafin tafiyar nan ya tara mu, ni da ƙannena maza biyu, ya ce ba ya so ya mutu Bitrus bai yafe masa ba. Bai san ko yana raye ba, bai san unguwarsa ba. Ginin kaɗai ya sani. Ƙannen nan nawa, masu gemu da cika baki a majalisa, ɗaya ya ce kasuwa ta riƙe shi, ɗayan ya ce haye gadar Kaduna ba wasa ba ne. Na dube su na ce a Kakuri aka yanke mini cibiya, su zauna su yi jinya.

Ɗan acaɓa ya kai ni tasha a kan naira ɗari uku. Ƙaramar mota na samu mai ɗaukar mutum shida, kuɗinta dubu shida, na biya na kama gefen taga. Shida da minti goma muka tashi. Gonaki sun yi kore shar, masara ta fi mutum tsayi. Mun wuce shingen 'yan sanda a Giwa da wani a Shika, aka leƙa aka ce mu tafi. Takwas saura kwata muna Kwangila a Zariya, wajen kilomita saba'in da biyar ke nan daga gida. Na sayi ƙosai na ɗari biyar, amma biyu na iya ci, sauran na ba matar da ke kusa da ni.

Bayan shingen sojoji na Jaji direba ya dube ni ta madubi. "Hajiya, ina za a sauke ki?"

"Kawo. Daga nan Kakuri zan wuce."

"Kakuri? Biki ne?"

"Aike ne."

"To Allah ya tsare. Ki haye da rana dai, ki dawo da rana."

Ni kuwa a can na yi niyyar kwana. Tara da minti talatin da biyar muka shiga Kawo.

Kawo zuwa Kakuri

Bas na shiga, ɗari bakwai. Cunkoso ya riƙe mu a tsakiyar gari kusan rabin awa, kwandasta yana faɗa da kowa a kan canji. Goma da rabi muka hau gada. Kogi ya cika ya yi ja, yana jan ciyayi da robobi. Rabona da gadar nan shekara ashirin da wani abu, ranar da muka bar Kakuri a bayan a-kori-kura bayan rikici, muna zaune a kan katifu, Baba rungume da buhun kayan aikinsa. Na zaci zan ji tsoro. Kewa ce ta kama ni, har na ja mayafi na rufe fuska.

Kakurin da na sani, jiniyar masaƙu ce take tashe mu da safe, ma'aikata su cika titi a kan kekuna. Yanzu ciyawa ta fito a kan katangun masaƙun, ƙofofinsu sun yi tsatsa. Kanikawa da masu sayar da kayan mota ne suka cika bakin hanya. Na sauka na tambayi wani kanike Inyamuri, hannunsa duk baƙin mai, inda tsohon banki yake. Da Hausa tsaf ya amsa mini: "Mama, wanda gwamnati ta hana a taɓa? Ki miƙe, layi na biyu ki yi hagu. Ba za ki ɓata ba, shi kaɗai ne bai canza ba."

Gaskiyarsa. Sha ɗaya da minti biyar na tsaya a gabansa. Muna yara mun sha wucewa ta nan, amma Baba bai taɓa nuna mana shi ya ce ga aikinsa ba, alhali masallatai da makarantun da ya gina har gajiya muke yi da jin labarinsu. Sai a ranar na gane dalili.

Gini ne mai hawa ɗaya, ba shi da girman da zai ba mutum mamaki, amma yana da kwarjini. An ɗora shi a kan dakalin fasasshen dutse da ya kai ƙugu, duwatsun an haɗa su baki da baki, ko tsinke ba zai shiga tsakaninsu ba. Matakala biyar ake hawa zuwa baranda. Ginshiƙai shida masu kusurwa huɗu suna riƙe da rufin kankare shimfiɗaɗɗe, wanda ya zarto gaba ya yi wa ƙofa inuwa. Daga gefen gabas kuwa babu rufin da ya zarto, sai bango guda na bulon ado tun daga dakali har sama. Kowane bulo yana da rami da ya sunkuya waje, don iska ta shiga, ruwa ya zame ƙasa. Na fara ƙirga sahun daga ƙasa. Ɗaya, biyu, uku, har shida duk sun sunkuya. Na bakwai, wanda ya ɗara tsayin mutum, ya ɗaga baki sama daga kusurwa zuwa kusurwa.

Kusa da ƙofa akwai allon ƙarfe da ke cewa an saka ginin cikin gine-ginen tarihi, ba a rushe shi, ba a sauya masa fasali. Ina cikin karantawa wani dattijo ya fito, siriri, rigarsa ta sha guga. Ya ce sunansa Ayuba, shi ke kula da wurin, kuma a nan ya yi masinja tun yana da ƙuruciya har aka rufe bankin.

"Hajiya, kallo aka zo? Bismillah, shigo. Ba a biyan komai."

Mista Ayuba ya haddace labarinsa, ya sha faɗa. Ya ce an gina bankin ne lokacin da masaƙu suka buɗe, don ma'aikata su huta da haye gada duk ƙarshen wata. Ranar albashi layi yakan sauka daga matakala ya kai bakin titi, masu waina da masu rake su yi ciniki. Da masaƙu suka fara mutuwa layi ya yi ta raguwa, bankin ya haɗe da wani, suka koma sabon gini mai gilashi. Daga nan aka mayar da wurin ɗakin ajiye taki, sannan ya zauna a rufe, jemagu suka gaje shi. Wani mai kuɗi ya so ya rushe ya yi shaguna, tsofaffin ma'aikatan masaƙa da masu ilmin zanen gini suka tashi tsaye har aka sa masa wannan allon.

Ciki akwai sanyi, ko fanka babu. Silin ya yi nisa, tagogin yamma masu gilashi yanka-yanka ne, daɓen kuwa irin mai tsakuwar nan ne da ake gogewa har ya yi sheƙi. A gaban kanta ƙafafun mutane sun cinye shi ya ɗan lotsa. Kantar ta katakon maɗaci ce, da tagogi huɗu masu sandunan tagulla. Ya kai ni ɗakin ajiyar kuɗi a baya, babu taga, ƙofarsa ta ƙarfe kaurinta ya fi tafin hannuna. Ya ce mutum uku ke tura ta yanzu, shi ya sa yake barin ta a buɗe. Na shafa bangon, na tuna a nan aka kira Bitrus a waccan safiyar.

Muka dawo zauren. Ya nuna bangon gabas da alfahari. "To Hajiya, ga abin da ɗalibai ke zuwa zanawa. Kin ga sahun can? Wani malamin jami'a ya ce dabara ce ta masu ginin. Da gangan suka juya shi, don hasken safe ya faɗo kan kanta daidai inda akawu ke rubutu. Kuma wallahi yana faɗowa, ni shaida ne."

Kafin in ce wani abu hadarin da ya biyo ni tun daga gada ya sauko, iska ta kaɗo shi daga gabas. Sha biyu da rabi daidai. Mista Ayuba ya ce in ba shi minti ɗaya, ya ruga bayan kanta ya fito da bokiti uku da tsumma. Ya jera su a gindin bango ba tare da ya duba ba, kowanne a mazauninsa. Ruwa ya fara gangarowa daga sahu na bakwai, siriri, yana bin wata baƙar hanya da ya daɗe da yi wa kansa a jikin fenti.

"Tun yaushe kake wannan aikin?" na tambaye shi.

"Tun ranar da na fara aiki. Wanda na gada ma haka ya yi. Yanzu kuwa ko mun so gyarawa doka ta hana."

Dariya ta zo mini, kuka ya riga ta. Na ce, "Mista Ayuba, ba dabara ba ce. Kuskure ne. Ubana ne ya kifa shi."

Ya tsaya da tsumma a hannu ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Ikon Allah. Ranar da aka kafa allon nan wani tsoho ya zo, ya tsaya a waje yana ta dariya shi kaɗai. Shi ma ya ce kuskure ne, amma cewa ya yi igiyarsa ce. Muka ɗauka tsufa ne."

Na ce, "Yaushe? Ina yake?"

"An yi shekara biyu. Ɗansa ne ya kawo shi a motar ɗaukar bulo. Na ji suna maganar Sabon Tasha, ban san fiye da haka ba."

Shekara biyu a wurin tsoho ba kaɗan ba ce. Na zauna a kan bencin masu jira har ruwa ya tsagaita, ina jin ɗigon bokiti, ina roƙon Allah ya sa ban makara ba.

Trikaniya

Ƙarfe biyu na tare keke mai ƙafa uku, ɗari biyar zuwa Trikaniya, gidan Ngozi. Gida ɗaya muka tashi da ita a Kakuri, ɗakinsu yana kallon namu, aji ɗaya muka yi a firamare. Yanzu atamfa take sayarwa, mijinta kanike ne ya rasu. Waya muke yi lokaci-lokaci, amma rabon da mu ga juna tun ranar a-kori-kura. Tana ganina ta yar da tsintsiya. "Chineke! Ladi, ke ce kika zama haka? Ina wuyan nan naki mai kama da na zalɓe?" Na ce ita ma ba a bar ta a baya ba, ƙofar ɗakinta ta kusa yi mata kaɗan. Muka rungume juna muka yi ta kuka a tsakar gida, maƙwabta suna leƙe.

Ban tambaya ba ta kawo buta da sabuwar tabarma, ta nuna mini gabas. Ta ce naman miya a wurin mahaucin Hausa ta saya da kanta, kada in yi wani tunani. Sakwara da miyar agushi ta yi mini. Da magariba na ba ta labarin abin da ya kawo ni. Ta girgiza kai ta ce, "Baba Sani? Mutumin da ko akuyar wani ta shigo gida sai ya raka ta?" Na ce shi fa. Na kira gida, ƙanena ya ce Baba bai ci komai ba sai kunu cokali uku, kuma sau huɗu yana tambaya ko na same shi.

Ngozi ta ce masu buga bulo a Sabon Tasha duk sun san juna, gobe ba za ta buɗe shago ba, tare za mu je.

Laraba: Sabon Tasha zuwa Rido

Bakwai da kwata muka fito. Keke zuwa bakin titi, bas zuwa Sabon Tasha, mu biyu dubu ɗaya da ɗari biyu. Takwas muna can. Kasuwa ta cika, ga doya sabuwa, ga gasasshiyar masara, waƙoƙin coci suna tashi daga shagunan masu kaset. Na lura ni kaɗai ce mai hijabi a layin, na kuma lura babu wanda ya damu da ni sai ni kaina.

Wurin buga bulo na farko ba su san shi ba. Na biyu suka ce Bitrus uku suka sani, biyu sun mutu. Muka ƙara gaba. A na uku wata mata mai auna yashi ta ce, "Baba Bitrus birkila? Mai faɗan nan in ya ga bulo ya karkace? Ai ɗansa ya kwashe injinsa ya koma Rido bara. Tsohon yana nan, ranar Lahadi ma na gan shi." Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, matar ta ce amin.

Wani keken muka ɗauka, dubu ɗaya da ɗari biyar saboda ruwa ya ɓata hanya. Muka wuce matatar mai, dogayen bututunta suna tsaye babu hayaƙi, muka karya ta Maraban Rido. Sau biyu muka sauka aka tura keken daga taɓo. Goma saura minti goma muka isa wani gida mai jan ƙyaure, bulo jere a gabansa yana shan iska.

Saratu, matar ɗan Baba Bitrus, ita ce ta karɓe mu. Tsohon yana zaune a baranda a kan kujerar roba, da hular sanyi, da sanda tsakanin ƙafafunsa. Hannayensa na fara kallo, irin na Baba ne sak, siminti ya cinye zanen tafin. Na durƙusa har ƙasa na gaishe shi.

"Lafiya lau, 'yata. Daga ina?"

"Daga Funtuwa, Baba. Sani ne ya aiko ni."

"Wane Sanin?"

"Sani birkila, wanda kuka yi bankin Kakuri tare."

Ya bari har Saratu ta ajiye ruwa da dafaffiyar gyaɗa ta koma. Sannan ya ce, "Yana raye?"

"Yana raye, amma jiki ya yi nisa. Ba ya tashi."

Na faɗi saƙon yadda aka ba ni, ban gyara ba. "Ya ce in gaya maka shi ya kifa sahu na bakwai, ya sani, kai ma ka sani. Ya ce da aka tambaya tsoro ne ya kama masa baki. Ya ce don Allah ka yafe masa kafin ya je inda za a sake tambayarsa."

"Shi ke nan abin da ya ce?"

"Shi ke nan."

"Bai ba ki labarin washegari ba?"

Na ce a'a. Ya gyaɗa kai kamar dama ya san haka. Ya tambayi sunana, na ce Ladi. Sai ya ɗago ya ƙura mini ido.

"Ashe ke ce. To ai saboda ke aka yi komai. Ranar Lahadi aka haife ki, uwarki ta sha wuya, a tsaye ya kwana a asibiti. Litinin ya zo idonsa jawur. Na ce Sani koma gida, ya ce ga suna a gaba, ba zai bar aikin yini ya wuce shi ba. Na ja masa igiya, aka kira ni ɗakin kuɗi. Da aka zo tambaya na duba, ni ba mata ba ɗa a lokacin, shi ga jaririya. Na ce igiyata ce. Kuma ba ƙarya na yi ba, ni na ja ta."

Ban san lokacin da na zauna daɓas a ƙasa ba. Baba ya ɓoye mini wannan, ko don ya sauƙaƙa mini, ko don kansa, ban sani ba. Ngozi ta dafa kafaɗata.

"Korar ba ta dame ni ba," ya ci gaba. "Wata uku na sha wuya, daga baya na samu wani aikin. Abin da ya tsaya mini a rai, washegari na koma ɗauko cokalin ginina. Na gan shi a sama kan katako. Na ce, Sani, sannu da aiki. Ya juya fuska ga bango. Na ɗauka bai ji ba, na sake faɗa da ƙarfi. Bai amsa ba. Sunanki ma bai gaya mini ba. Shekara talatin muna Kakuri ɗaya, in ya hango ni sai ya sake layi."

Kunya ta rufe ni, haushin Baba ya kama ni, a karo na farko a rayuwata. Duk da haka na ce, "Baba, kunya ce ta hana shi."

"Na sani, 'yata. Amma ni ban ga kunyarsa ba, ƙeyarsa na gani."

Daga nan bai ƙara magana ba. Ya ɗauki gyaɗa yana ɓarewa a hankali, yana kallon bulon ɗansa. Na kira gida don in haɗa su, ƙanena ya ce Baba ya samu barci, kuma ko an tashe shi ba ya jin maganar waya sai an yi ta maimaitawa a kunnensa. Na ajiye wayar. Na yi tunanin yadda zan shiga ɗakin nan in ce na same shi amma bai ce komai ba. Minti ashirin muka yi haka, na duba agogo.

Can ya ce, "Kin je ginin?"

"Jiya na je."

"Har yanzu ruwa na shiga?"

"Bokiti uku, Baba. Kuma an ce dabara ce, doka ta hana a gyara."

Ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, Saratu ta fito da gudu. Ya share ido ya ce, "Duk gine-ginen da muka yi daidai an rushe rabinsu. Wanda muka ɓata shi gwamnati ke gadi." Ya gyara zama, ya cire hular sanyinsa ya ɗora a gwiwa. "Kawo abin naki mai ɗaukar magana."

Na danna na riƙe masa a bakinsa. Da ya gama ya yi shiru, ya ɗaga mini hannu kada in kashe, muka zauna haka na ɗan lokaci, sannan ya ce to. Na karɓi lambar Saratu. Sha biyu da rabi muka yi sallama, ya sa aka cika mini leda da gyaɗa ya ce in kai wa Sani ko ba zai iya ci ba.

Komawa gida

A Sabon Tasha muka rabu da Ngozi, ta cusa mini turmin atamfa a jaka tana zagina don na ce ba zan karɓa ba. Biyu saura kwata na haye gada, da rana kamar yadda direban jiya ya so. Biyu da rabi mota ta tashi daga Kawo, dubu shida da ɗari biyar wannan karon. Ruwa ya tare mu a Jaji ya raka mu har Zariya. Ban sayi komai a hanya ba, wayar tana cikin hannuna a ƙarƙashin hijabi, na riƙe ta da hannu biyu.

Shida saura minti goma na shiga gida. Ban cire takalmi daidai ba na faɗa ɗakin Baba. Ƙannena suna zaune a gefensa. Ya ji motsina ya ce, "Ladi? Kin same shi?"

"Na same shi, Baba. Yana Rido, da ƙarfinsa. Ga shi zai yi maka magana."

Na ƙure sautin na kanga masa a kunnen dama, wanda ya fi ji da shi. Muryar tsohon ta cika ɗakin.

"Sani. Bitrus ne. 'Yarka ta zo, ta yi hankali. Maganar sahu babu komai, igiyata ce, jiya da yau. Na yafe maka duniya da lahira, ni ma in na yi maka wani abu ka yafe mini, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Saura abu ɗaya. Sani, sannu da aiki."

Bayan nan sai shirun da ya hana ni kashewa, ba a jin komai sai kukan kaza a tsakar gidansu. Baba ya juya fuska ga bango, kafaɗunsa suna rawa. Ƙannena suka dube ni, ba su gane ba, ni kuwa na gane. Na ce a raina, ya Allah kada ya sake juya masa ƙeya. Can ya juyo, hawaye ya jiƙa masa gemu, ya ce, "Mayar."

Na karɓi wayar ƙanena na danna ɗaukar magana, sannan na mayar da tawa daga farko. Ya saurara har aka zo ƙarshe. Da Bitrus ya ce sannu da aiki, Baba ya ɗaga hannun dama daga kan bargo, ya tattaro duk ƙarfin da ya rage masa, ya ce, "Yauwa, Bitrus. Sannu kadai."

A daren ya sha kunu kofi guda. Kwana tara bayan haka, ranar Juma'a da hantsi, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni a kan lokaci. Na gode wa Ngozi da ta rufe shagonta, da Mista Ayuba da har yanzu yake jera bokitin ubana, da kaniken da matar mai yashi da ban tambayi sunansu ba. Na gode wa Saratu, wadda na aika wa muryar Baba tun a yammacin da na iso, ta kira ni washegari da safe. Ta ce ta kunna wa tsohon a baranda. Sau ɗaya ya saurara, ya mayar da hularsa kansa, ya ce, "To, ya amsa."